"Think outside the box": Ma'anarsa, Asalinsa da Yadda Ake Amfani da Shi

Duk wanda yake mu'amala da Turanci a wurin aiki, ko a jami'a, ko wajen neman aiki, da wuya a ce bai taɓa cin karo da furucin nan ba. Shugaba zai faɗe shi a taro, malami zai rubuta shi a gefen takardar ɗalibi, kamfani zai sa shi a sanarwar neman ma'aikata. Yawan jinsa ya sa mutane da dama suna ɗauka sun san shi, amma da za a tsare su a ce wane akwati ake magana a kai, sai a ji shiru. Ga tambayoyin da aka fi yi game da shi.

Mene ne ma'anar think outside the box?

Kalma da kalma, cewa yake "yi tunani a wajen akwati", sai dai babu Baturen da yake hango akwati a ransa in ya faɗa. Abin da ake nufi shi ne mutum ya daina kallon matsala ta fuskar da kowa ya saba kallonta, ya nemo wata hanyar da ba a lura da ita ba. Akwatin kuwa shi ne iyakokin da muke shata wa kanmu: "haka aka saba yi", "ai ba zai yiwu ba", "dole sai ta nan". Sau da yawa babu wanda ya kafa waɗannan iyakoki. Sabo ne kawai ya mai da su tamkar doka.

A riƙe abu ɗaya tun daga farko, domin a kansa sauran bayanin zai hau. Furucin ba ya nufin yawan tunani, kuma ba ya nufin zurfinsa. Mutum zai iya kwana yana saƙa da warwara a kan matsala, alhali duk a wuri ɗaya yake zagayawa. Wanda ya cika ma'anar furucin shi ne wanda ya tsaya ya tambayi kansa: cikin sharuɗɗan da nake bi ɗin nan, wanne ne aka gindaya mini, wanne ne ni na gindaya wa kaina?

To wane akwati ne ainihinsa? Akwai inda aka samo shi?

Akwai. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne daga wani wasa ƙwaƙwalwa mai ɗigo tara aka samo shi. Ɗauki takarda ka yi ɗigo tara, uku a sama, uku a tsakiya, uku a ƙasa, yadda za su ba da siffar murabba'i. Abin da ake so ka yi shi ne ka ratsa dukkan ɗigon da miƙaƙƙun layuka huɗu, ba tare da ka ɗaga biro daga takardar ba, kuma ba tare da ka koma ta kan layin da ka riga ka ja ba.

Kusan duk wanda ya fara gwadawa ɗigo ɗaya ne zai rage masa. Zai sake, ya kuma sake, kullum sai ɗaya ya tsira. Dalili shi ne idonsa ya riga ya ga ɗigon nan a matsayin akwati mai bango huɗu, don haka yake tsayar da kowane layi a kan ɗigon ƙarshe. Amma a koma a duba sharaɗin wasan: ina aka ce kada layi ya wuce ɗigo? Babu.

Ga yadda ake warware shi. Sa wa ɗigon lamba daga 1 zuwa 9, kana farawa daga hagu a sama, wato 1, 2, 3 a jeren farko, 4, 5, 6 a na biyu, 7, 8, 9 a na uku. Fara daga 1 ka miƙe dama ta kan 2 da 3, ka zarce zuwa fili gwargwadon tazarar ɗigo guda. Daga nan ka gangaro a karkace ta kan 6 da 8, ka zarce har ka zo daidai ƙarƙashin 7. Sai ka haura ta kan 7 da 4 zuwa 1. Layi na huɗu ya tashi daga 1 ya ratsa 5 ya tsaya a 9. Sau biyu biro ya fita daga murabba'in, kuma wannan fitar ita ce mabuɗin.

Wasan ya girmi furucin nesa ba kusa ba. Yana cikin kundin wasannin ƙwaƙwalwa na Ba'amurke Sam Loyd wanda aka buga a 1914, inda aka zana ƙwai a maimakon ɗigo, aka danganta shi da Christopher Columbus. A 1930 masanin halayyar ɗan Adam Norman Maier ya yi amfani da shi a bincikensa kan yadda mutane suke warware matsala.

Wa ya fara faɗar furucin?

Ba a jingina shi ga mutum ɗaya da hujja tabbatacciya ba, ko da yake an samu waɗanda suka yi iƙirarin su ne. Abin da yake a fili shi ne ya bazu a Amurka da Ingila a shekarun 1970 da 1980, ta bakin masu ba kamfanoni shawara da masu horar da manajoji. Su ne suka riƙa raba wasan ɗigo taran nan a ɗakunan taro, in mutane sun gaza sai su nuna amsar, su ce kun gani, sai an fita daga akwati. Daga harshen 'yan kasuwa ya tsallaka zuwa jaridu da makarantu da siyasa.

Yaya ake sa shi a cikin jimla?

Kalmar think ita ce aikatau, kuma ita kaɗai take sauyawa. Sauran kalmomin uku suna nan yadda suke. Misali:

"We need to think outside the box." Wato muna bukatar mu nemo wata hanya dabam.

"She always thinks outside the box." A lura da harafin s a ƙarshen aikatau, saboda mutum ɗaya ake magana a kai.

"They thought outside the box and solved the problem." Shuɗaɗɗen lokacin think shi ne thought. Babu kalma thinked a Turanci.

"Thinking outside the box saved the project." A nan furucin gaba ɗaya ya zama suna, shi ne ya yi aikin a jimlar.

Idan kuma ana so ya siffanta wani abu, wato ya zo kafin suna, sai a haɗa kalmomin da karan ɗori: "an outside-the-box solution", ko "outside-the-box thinking". In ya zo bayan aikatau ba a sa karan ɗorin. Wannan ƙa'ida ce da ta shafi duk irin waɗannan haɗaɗɗun sifofi a Turanci, ba wannan kaɗai ba.

Zan iya cewa think outside a box, ko in jefar da the ɗin?

A'a. Furuci ne daskararre, ba a taɓa kalmominsa. Da ka ce "outside a box" ka koma maganar akwati na zahiri, in kuma ka ce "outside box" jimlar ta karye. Haka nan ba a mai da shi jam'i, ko da mutum ɗari ake wa magana. Masu Hausa suna yawan tuntuɓe a nan saboda the da a ba sa aiki yadda madanganci (wato -n ko -r da ke ƙarshen suna, kamar a "akwatin") yake aiki a harshenmu, don haka a haddace shi dunƙule.

Wajen furtawa ma a kula da sautin farko na think. Ana sa ƙarshen harshe tsakanin haƙora a huro iska. In aka furta shi da s, ya koma sink, wato nutsewa.

Ina jin wasu suna cewa outside of the box, wasu kuma out of the box. Wanne ne daidai?

Tsakanin outside the box da outside of the box babu bambancin ma'ana. Na biyun an fi jinsa a bakin Amurkawa. A rubutu na farkon ya fi tsafta, kuma shi ne za ka fi samu a ƙamus.

Out of the box ne yake bukatar taka-tsantsan, domin yana da wata ma'ana tasa ta dabam wadda ta yi ƙarfi a fannin kwamfuta da na'urori. In aka ce "the printer works out of the box", ana nufin da ka ciro ta daga kwalinta za ta fara aiki, ba sai an yi mata wani saiti ba. Saboda haka "an out-of-the-box solution" zai iya ɗaukar ma'ana biyu masu karo da juna: ko sabuwar dabara da ba a saba gani ba, ko kuma shiryayyen abu da aka sayo wanda kowa yake amfani da irinsa. Ka ga injiniya zai iya fahimtar kishiyar abin da kake nufi. Gaskiya ne ana cewa "out-of-the-box thinking" kuma ana ganewa, saboda kalmar thinking ta kawar da shakka. Amma in ba ta nan, shawarata a tsaya a kan outside.

A Ostareliya da New Zealand kuma za ka ji "think outside the square". Ma'anar ɗaya ce, kuma ya ma fi kusa da asalin wasan, tunda murabba'i ne a takardar.

Da Hausa yaya za a faɗe shi?

"Tunani a wajen akwati" ya fara bayyana a rubuce-rubucen intanet, amma wanda bai san Turancin ba babu abin da zai tsinta a ciki. Larabci ya bi wannan hanya ta fassara kalma da kalma kuma ta zauna masa, sai dai ba dole ne kowane harshe ya bi ba. Faransawa cewa suke a bar hanyar da ƙafa ta riga ta tattake, Jamusawa kuma a leƙa bayan bakin faranti. Kowa da abin da idonsa ya saba gani.

Mu ma ba mu rasa abin faɗa ba, sai dai wurin ne yake zaɓar kalma. A taron da aka rasa mafita za a ce "a sake lale" ko "a sauya salo". Ga ɗalibi za a ce "faɗaɗa tunaninka, kada ka tsaya a kan abin da aka saba". Wajen yabon mutum za a ce yana da basira, yana hango abin da wasu ba su hango ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a fassara shi da "zurfafa tunani" ko "hangen nesa". Na farko nutsawa ne cikin abu ɗaya, na biyu kuma duban abin da zai je ya zo, kuma duka biyun ana iya yin su ba tare da an kauce wa tsohuwar hanya ko taku ɗaya ba.

Ashe ba ɗaya yake da critical thinking da lateral thinking da sauransu ba?

'Yan uwan juna ne, amma kowanne da aikinsa, kuma mai son Turancinsa ya tsaya daidai ya kamata ya rarrabe su.

Lateral thinking shi ne mafi kusa. Edward de Bono, likita ɗan ƙasar Malta, shi ya ƙirƙiro sunan a 1967. Ya kwatanta abin da haƙa rami: komai zurfin da ka ƙara wa ramin da kake ciki, ba zai zama rami a wani wuri dabam ba, wani lokaci sai ka fito ka koma gefe. Bambancin shi ne lateral thinking suna ne na tsari mai dabarun da ake koyarwa, shi kuwa think outside the box magana ce ta yau da kullum.

Critical thinking kuwa tantancewa ne: auna hujja, gano inda magana ta yi rauni, bambance ra'ayi da tabbataccen abu. Shi ba ya haifar da sabuwar dabara, yana duba wadda aka kawo ne ya ga ko za ta tsaya. Masanin halayyar ɗan Adam J. P. Guilford ya raba tunani gida biyu tun a shekarun 1950: divergent thinking, mai bazuwa ya samo amsoshi da yawa, da convergent thinking, mai tattarowa ya tsaya a kan guda. Furucinmu yana gidan farko.

See the big picture na nufin kallon al'amari gaba ɗayansa, kada ƙananan abubuwa su ɗauke hankali. Open-minded da broad-minded kuma hali ne na sauraron ra'ayin da ba naka ba da haƙuri da bambanci. Mutum zai iya zama mai karɓar ra'ayin kowa amma bai taɓa ƙirƙiro nasa ba.

A ba mu misalan mutanen da suka yi hakan da gaske.

Zan kawo uku, kuma ina so a lura da abin da ya haɗa su.

Na farko Dick Fosbury, ɗan wasan tsallen sama daga jihar Oregon ta Amurka. A zamaninsa manyan 'yan wasa suna ƙetare sandar ne da ciki yana kallon ƙasa. Shi wannan salon ya ƙi karɓarsa, sai tun yana makarantar sakandare ya fara gwada juya wa sandar baya, kai ya fara wucewa, ya faɗa da gadon baya. An yi masa dariya. A gasar Olamfik ta 1968 a birnin Meziko ya tsallake mita 2.24 ya ɗauki zinare, kuma yau kusan duk mai wannan wasa salonsa yake bi. Babu dokar wasan da ya karya, domin doka cewa ta yi a tashi da ƙafa ɗaya, ba ta ce ga yadda za a juya jiki ba. Kuma ya dace da lokacin da aka fara shimfiɗa katifun soso a maimakon yashi da dusar katako. Da a kan yashi zai faɗa da baya, da abin bai yiwu ba.

Na biyu Abraham Wald, masanin lissafi da ya gudo daga Turai zuwa Amurka a 1938. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu yana cikin rukunin masana ƙididdiga a Jami'ar Columbia, inda ya yi aiki a 1943 kan jiragen yaƙin da suke dawowa da raunin harsashi. Abin da hankali zai fara kawowa shi ne a ƙara sulke a wuraren da aka fi ganin huji. Lissafin Wald ya nuna akasin haka. Jiragen da ake dubawa su ne waɗanda suka tsira, don haka hujin da ke jikinsu yana nuna inda jirgi zai iya shan harbi ya dawo gida. Wuraren da ba a cika ganin huji ba, irin su inji, su ne waɗanda in an same su jirgin ba ya dawowa balle a ƙirga shi. Akwatin a nan shi ne zaton cewa abin da ke gabanka shi ne dukkan labarin.

Na uku likitoci biyu a birnin Perth na Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall. Duniyar likitanci ta daɗe da yarda cewa damuwa da yawan sinadarin asid ne suke kawo gyambon ciki, kuma ƙwayar cuta ba za ta iya rayuwa a cikin tumbi ba. Warren ya ga ƙwayoyin da idonsa a madubin likita, a 1982 suka yi nasarar rainon su a ɗakin gwaji. Da aka ƙi gaskata su, a 1984 Marshall ya sha ruwan da ke ɗauke da ƙwayar, ya kamu da kumburin tumbi. Ita ce ake kira Helicobacter pylori, kuma a 2005 aka ba su kyautar Nobel.

Abin da ya haɗa su shi ne babu baƙo a fanninsa a cikinsu. Fosbury ya sha fama da tsohon salon kafin ya bar shi, Wald gwanin lissafi ne, Warren ya shekara da shekaru yana duban naman tumbi. Sanin akwatin ciki da bai ne ya nuna musu wane bangon ne na gaske, wanne ne zane kawai.

Ke nan yana nufin mutum ya yi watsi da doka da ƙa'ida?

Ko kusa. Wannan ita ce mummunar fahimtar da ta fi damuna, domin ana fakewa da furucin a yi ganganci ko a rufe rashin sani. A koma wasan ɗigo tara: layukan dole su zama huɗu, dole su miƙe, dole kada a ɗaga biro. Wanda ya ja layi biyar bai fita daga akwati ba, faɗuwa ya yi. Sharaɗin da aka tsallake shi ne wanda tun asali babu shi.

Saboda haka akanta da ya murɗa alƙaluma, ko ma'aikacin jinya da ya sauya adadin magani da ra'ayin kansa, ko matuƙin jirgin da ya tsallake jerin abubuwan da ake dubawa kafin tashi, babu ɗayansu da za a yaba wa da wannan furuci. Akwai ayyukan da ƙa'idojinsu da rayukan mutane aka saye su. A irin waɗannan wurare sabon tunani yana da ƙofarsa: a kawo shawara, a gwada, a tabbatar, sannan a sauya ƙa'idar.

In aka ce wa mutum ya yi think outside the box, hakan yana sa ya iya?

Ba sosai ba, kuma an gwada. A 1981 masana halayyar ɗan Adam Robert Weisberg da Joseph Alba sun ba mutane wasan ɗigo tara, suka gaya wa wasunsu ƙarara cewa sai an fita daga murabba'in za a samu amsa. Da labarin da ake bayarwa a ɗakunan taro gaskiya ne ɗari bisa ɗari, da kusan kowa ya warware nan take. Amma akasarinsu duk da haka sun kasa. Waɗanda suka fi samun nasara su ne waɗanda aka fara horar da su da wasanni masu sauƙi irin wannan, ko aka nuna musu inda za su fara.

Wannan ya kamata shugabanni da malamai su ji shi da kyau. Umarni kaɗai ba ya buɗe ƙwaƙwalwa. In kana so mutanenka su kawo sabon abu, ka gaya musu wane sharaɗi ne za a iya taɓawa, ka ba su bayanai da lokaci, kuma kada ka kunyata wanda ya kawo shawarar da ba ta yi ba. Wanda aka yi wa tsawa sau ɗaya a gaban jama'a ba zai sake buɗe baki ba, ko sau nawa aka maimaita masa furucin.

Ya dace in rubuta shi a takardar neman aiki ko a rubutun jami'a?

Nahawunsa daidai ne, amma ni ba zan ba da shawarar haka ba. Furucin ya tsufa a kunnen masu Turanci saboda yawan amfani, har ya shiga sahun abin da suke kira cliché, wato maganar da aka tauna har ɗanɗanonta ya gushe. Mai tace takardun neman aiki ya karanta "I think outside the box" a wurin mutane da yawa kafin ya iso kan taka, don haka ba za ta bambanta ka da kowa ba.

Abin da yake aiki shi ne ka nuna. Faɗi matsalar da ka tarar, yadda ake yi a da, abin da ka sauya, da sakamakon da aka samu. Jimla biyu masu ɗauke da wannan sun fi sifa goma. In kuma a wajen ganawa aka ce maka "Tell us about a time you thought outside the box", labari ake nema, ba ma'anar furucin ba. Ka shirya guda tun daga gida, na gaskiya, ko da ƙarami ne.

A rubutun ilimi kuwa, irin su kundin digiri ko maƙala, a guje shi gaba ɗaya, domin harshen hira ne. A yi amfani da "a novel approach", ko "an unconventional method", ko "to question the usual assumptions".

Malam, zan iya faɗa wa shugabana ko malamina wannan magana?

A yi hattara. In ka ce wa mutum "You need to think outside the box", a fakaice ka ce masa tunaninsa ya ƙuntata. Daga sama zuwa ƙasa ana jurewa, amma daga ƙasa zuwa sama zai iya zama rashin ladabi, ko a Turancin ma. In dole ne, ka sa kanka a ciki kuma ka sassauta: "Perhaps we could think outside the box here", ko "Could we look at this from another angle?" Mafi kyau ma ka zo da shawarar a hannunka, ka bar furucin.

Wajen yabo kuwa babu matsala ko kaɗan. "That was real outside-the-box thinking" magana ce mai daɗin ji ga kowa.

Ana iya koyon irin wannan tunani, ko baiwa ce?

Ana koyo, kuma akwai wani gwaji da yake nuna ta inda za a fara. Masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Jamus Karl Duncker, wanda aka buga aikinsa da Turanci a 1945, ya ba mutane kyandir da ashana da ƙaramin kwali cike da ƙananan ƙusoshi, ya ce su maƙala kyandir ɗin a bango yadda in an kunna ba zai ɗiga a tebur ba. Da yawa sun yi ta ƙoƙarin kafe kyandir ɗin da ƙusa, ko su narka gefensa su liƙa. Amsar ita ce a juye ƙusoshin, a kafe kwalin a bango, a ɗora kyandir a ciki. Da aka ba wasu mutanen kwalin babu komai a ciki, ƙusoshin a gefe, sai suka fi saurin ganewa. Muddin kwalin yana cike, ido mazubi kawai yake gani.

Daga nan za a iya ciro abubuwan yi. In matsala ta cije, rubuta duk abin da kake ɗauka dole ne, sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana tambayar wa ya ce. Sake faɗar matsalar da wasu kalmomi, domin yadda aka yi tambaya yakan ɓoye amsa: "yaya za mu rage tsawon layi" da "yaya za mu sa jira ya daina damun mutane" ba hanya ɗaya za su kai ka ba. Bayyana ta ga wanda ba fanninsa ba ne, tambayarsa ta rashin sani takan taɓo abin da gwani ya daina gani. Karanta abin da ba na sana'arka ba. Sannan ka ba wa abin tazara, ka tashi ka yi wani aiki ka dawo.

Game da taron tattara ra'ayoyi da ake kira brainstorming, wanda ɗan kasuwar talla Alex Osborn ya yayata, wani bincike a Jami'ar Yale a 1958 ya gano cewa mutanen da suka zauna kowa shi kaɗai sun fi kawo ra'ayoyi masu yawa a kan adadinsu da aka tara wuri ɗaya. Don haka ya fi kyau kowa ya fara rubuta nasa, sannan a haɗu a tace.

Mene ne kishiyarsa a Turanci?

Ana cewa "think inside the box", amma yawanci da gangan ake faɗarsa don a yi wasa da asalin furucin, kuma wani lokaci yabo ne, wato a yi aiki da abin da ake da shi a hannu. Wanda aka fi amfani da shi shi ne "by the book", bin ƙa'ida sau da ƙafa, kamar a ce "He does everything by the book". Wannan zai iya zama yabo ko suka, gwargwadon wurin. "Stuck in a rut" kuwa suka ne zalla, ana faɗarsa ga wanda ya maƙale a hanya ɗaya ya kasa sauyawa.

Kada a rikita shi da "tick all the boxes", wanda Amurkawa suke cewa "check all the boxes". Akwatunan da ke nan su ne 'yan murabba'an da ake sa wa alama a fom, kuma ma'anarsa abu ya cika dukkan sharuɗɗan da ake nema. In aka ce "This candidate ticks all the boxes", ana nufin mai neman aikin yana da duk abin da aka lissafa a sanarwar.